Rabon Gara

Waɗanda suke gidan ranar da Yayana ya rasu ba su da yawa, don shekarar ba ta bar mutane a gari ba. Akwai matarsa, zaune a bakin ƙofar ɗaki ta rungume gwiwoyinta. Akwai babban ɗansa, mai yin dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, wanda ya iso ana cikin yi wa gawa wanka. Akwai ƙaramin ɗansa, da 'yarsa da ke aure a wajen Ɗanbatta, wadda ta zo jinya tun kafin ranar. Mijinta da uwar mijin da ƙannensa mata suka biyo ta da rana. Akwai liman, wanda tare aka yi musu kaciya da Yaya. Akwai maƙwabcin gonarsa na gabas, wanda suka tsufa suna rigimar iyaka. Akwai kawunmu makaho, aka jawo shi da sanda. Sai ni, ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Sauran da ya kamata a ce suna nan, wasu sun tafi kudu neman abin kai wa baki ba su dawo ba, wasu kuma sun riga shi kwanciya.

Ni ba mai kuka a gaban jama'a ba ce. Kallo nake yi, kuma abin da na gani ba na mantawa. Matarsa ba ta ɗaga murya ba. Duk wadda ta durƙusa ta ce mata, "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Ko kununsa bai sha ba." Ƙwaryar tana nan a gefen tabarma, ta hana a ɗauke. Maƙwabcin gona, da aka dawo daga maƙabarta, ya zauna a zaure, muna jiyo shi daga cikin gida yana cewa, "To ni yanzu da wa zan yi faɗa?" Kawu kuwa faɗan yake yi. "Ni aka tsallake. A kafaɗata na ɗauki yaron nan, aka tsallake ni aka ɗauke shi." Liman ya ce masa ya yi istigfari. Ya yi, sannan ya maimaita maganarsa.

Uwar mijin 'yar tasa ta leƙa ɗakin da ya cika, ta dubi tabarma, ta dubi kusurwoyi, ta sunkuya ta tambayi surukarta a hankali, "A ƙasa ya cika? Babu gado ne?" Ta zaci ban ji ba. Na ji.

Saboda wannan tambayar nake wannan magana, da kuma saboda jikokin da suke tasowa, waɗanda abin da aka gaya musu kawai shi ne kakansu wani tsoho ne mai gaida gara. Gaskiya ne yana gaishe ta. Dalilin ne ba a gaya musu ba.

Lokacin da mijina ya rasu na dawo gida da 'ya'ya ƙanana, gonar da ubanmu ya bari tana hannun Yaya ba a raba ba. Ko ba a raba ba, Allah Ya riga Ya raba ta biyu. Akwai gefen gawo, ƙasa baƙa mai laushi, wadda in ka damƙa take dunƙulewa a hannu tana ƙamshi. Akwai kuma gefen yamma, fako, inda ƙasa ta daskare ta yi fari kamar daɓen ɗaki. Ruwan sama ya sauka a kai ya gangare bai shiga ba, ko ƙarangiya ba ta yarda ta fito a wurin. A rabon gado shi ke da kaso mafi yawa, kuma babu mai hana shi zaɓa. Ya tsaya a gaban dattawa ya ce fako yake so, wai ya fi kusa da hanya. Bai fi kusa da hanya ba. Na sani, ya san na sani, har ya koma ga Allah ba mu taɓa tayar da maganar ba. Da gefen gawo na ciyar da marayuna.

Tun daga wannan shekarar ya shiga yaƙi da fako, kuma ba da fartanya ba, don fartanya tsalle take yi a kai. Mu nan gonakinmu a manne suke da juna, babu dajin da za ka je ka saro itace. Kara shi ne itacenmu, shi ne dangarmu, ganyensa na dabbobi. Da an cire amfanin gona kowa yake kwashe nasa tas. Shi kuwa sai ya ware dami-dami ya shimfiɗa a kan fako, ya haɗa da ganyen da ya sharo da ɗan kashin awaki, ya danne da hogen ƙasa da ƙaya saboda iska da dabbobi. Ya ce wannan rabon gara ne.

Na ce, "Yaya, gara kake ciyarwa? Garar da ta cinye mini faifai, ta huda gindin rumbu?"

Ya ce, "A ɗaki ɓarauniya ce, Auta, ban musa ba. A gona 'yan ƙodago ne. Kuma ba sa tsayawa hira."

Auta yake ce mini har na yi furfura. Gara kuma "su" yake ce mata, kamar mutane.

Wata rana ya matsa sai na bi shi na gani. Ya durƙusa ya ɗaga kara guda wanda suka lulluɓe da jar ƙasa. Cikinsa babu komai sai ƙasa, ƙarƙashinsa kuma ƙananan ramuka birjik kamar na rariya. Ya tsiyaya ruwan butarsa a kai, ruwan ya shige ya ɓace. Ya tsiyaya a gefe inda babu kara, ruwan ya kwanta yana kallonmu.

"Kin gani? Ƙofa suke buɗe wa ruwa. Kuma abin da suka ci ba sama suke kai shi ba, ƙasa suke kai shi."

Na ce na gani, amma ramuka ba sa dafa tuwo.

Haka yake da duk wani abu mai rarrafe a cikin shara. Ƙadandoniya, wadda yara ke gudu saboda yawan ƙafafunta, in ya gan ta a hanya sai ya sa tsinke ya ɗauke ta ya kai gindin gawo. Ya ce ita ke tauna ganyen da ya zube. In ka ɗaga ruɓaɓɓen ganye da damina ka ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar irin rama, to aikinta ne, ƙasar gobe ke nan. Buzuzu in yana mirgina kashin shanu zai je ya binne, Yaya ne ke kauce masa. Gwazarma kuwa, fararen tsutsotsin nan masu kauri da ke cikin juji a bayan gida, a kansu ya fi samun saɓani da matarsa, don kajinta suna son su, shi kuma yana korar kajin.

"Malam, kaza ma halittar Allah ce."

"Kaza ta ci ta ba ki ƙwai. Waɗannan su suke dafa mini taki. Kin taɓa ganin an kai ɗanyen juji gona ya yi abin kirki?"

"To sai ka aure su su yi maka tuwo."

Maganarsa kullum ita ce, ganye ba ya zama ƙasa da kansa, sai ya bi ta cikin wani. Taki kuma, ya ce, iyakar jaki ya kai shi gona a mangala a zube. Masu shigar da shi ciki daban ne, kuma babu mai yi musu godiya.

Maƙwabcin gona bai taɓa yarda ba. Duk rani sai ya tsaya a kan iyaka ya ce Yaya yana kiwon gara ne don ta ƙetaro ta cinye masa gyaɗa.

"Ka ɗaure dabbobinka, Malam."

"Kai ka ba su abinci mana, sai su daina ɗora wa gyaɗarka ido."

Sun yi wannan har haƙoransu suka zube. Da gulma ta fara yawo cewa abin nasa ya yi kama da na masu kai wa suri tsafi, liman ya same shi a zaure, ina jiyo su ta bayan bango.

"Abokina, ana cewa kana yi wa gara sallama."

"Sannu da aiki nake cewa. Kai in ka wuce mai aiki ba ka ce masa sannu?"

"Ina cewa. Amma shi yana amsawa."

"Su ma suna amsawa. Sai da kaka."

Liman ya yi dariya ya ce to ya riƙa rage murya.

Sai shekarun nan na fari suka zo. Ruwa ya yi ta ɗaukewa gero yana bununi. Abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba, karan ma gajere, siriri. Aka sassare rassan gawo aka ba dabbobi, daga baya aka sayar da dabbobin. Mata da yara suka bi gonaki suna tsintar duk abin da wuta za ta ci, har tushiyar kara aka tone, har busasshen kashin shanu. Gonaki suka koma kamar tsakar gida, a share tas, iska ta zo ta ɗebe ƙasar sama ta tafi da ita. Gara da ta rasa busasshe ta hau mai rai, mutane suka ƙara tsanarta. Yaya ya ce an wanke musu akushi, me ake so su ci?

Wata damina ya dawo daga gona bayan ruwan farko ya zauna ya yi tagumi. Na tambaye shi wa ya mutu. Ya ce ya tona gindin gawo bai ga tana ko ɗaya ba. A da in aka yi ruwa, wurin cika yake da 'yan tsibin ƙasar da tana ke turowa. Na ce mutane suna mutuwa, kai kana makokin tsutsa. Ya ce, "Ai tafiyar ɗaya ce, Auta. Su dai suka riga mu."

Babban faɗanmu a cikin waɗannan shekarun aka yi shi. Jikokina suna hannuna, iyayensu sun tafi kudu. Akwai 'yar dawa, babu abin hura wuta. Na ɗauki igiya da rana tsaka, a idon kowa, na je fako na ɗaure karan nan na ɗora a kai. Ba sata na yi ba, kuma har gobe ban ce na yi laifi ba. Yara ba sa cin ɗanyar dawa. Muka yi kiciɓis da shi a hanya.

"Auta, sauke."

"Ba zan sauke ba."

"Sun riga sun hau shi. In kika ɗauke yanzu, aikin shekara ya tashi."

"Waɗanda ke gida da yunwa ne jikokinka, ko su?"

Na faɗa masa maganganu a wannan hanyar irin waɗanda ba a faɗa wa yaya. Mutane suka tsaya suna kallo. Bai rama ba. Ya ce in biyo shi gida da kayan, in ban sami abin wuta ba in ƙona. Muka shiga, ya wuce ɗakinsa, sai na ji ƙaras-ƙaras. Ya fito da gadonsa, gadon kara mai kyau da ya ɗaura da hannunsa, ya kakkarya shi a tsakar gida ya tara a gaban murhuna. Matarsa ta riƙe baki. Ya ce, "Wannan ya fi bushewa, zai fi ci." Sannan ya ɗauki damin da na kawo ya ɗora a kansa, da furfurarsa da komai, ya mayar fako.

Na ƙona gadon, ya kuma yi mana kwanaki. Na ce in an sami kara mai kauri zan sa a ɗaura masa wani. Ba a sake samun kara mai kauri ba, ɗan abin da aka samu kuma a wurinsa fako ya fi gado buƙata. Shi ya sa ya cika a tabarma. Amsar tambayar baƙuwa ke nan.

Fako bai ba shi da sauƙi ba, amma kaɗan-kaɗan ya ci shi daga gefe. Inda gara ta huda ruwa ya shiga, ciyawa ta fito. Inda ciyawa ta mutu aka cinye ta, ƙasa ta fara yin duhu. In ya sami tsohon suri da masu shi suka tashi, sai ya fasa ya watsa, ya ce ajiyarsu ce ya karɓo. Har aka wayi gari an yanki gero a wurin da ƙarangiya ta ƙi. Saura wani yanki a tsakiya, bai fi faɗin zaure ba, shi ne mafi taurin kai. A kakar ƙarshe da ya gani ya shimfiɗa masa duk karan da ya iya ƙwacewa daga murhunmu, ya ce in Allah Ya kai shi damina a nan zai fara saka iri. Da bazara ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, bai sake taka gona ba.

Ana gobe zai rasu na kai masa kunu, ya kama bakin zanena.

"Auta, sun hau?"

"Ina na sani? Ni na aike su?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji.

To ranar da aka kai shi, da la'asar ta yi, sai maganar abinci ta taso. A da maƙwabta ne ke aiko da tuwo gidan rasuwa. A wannan shekarar kowa haƙuri ya aiko. Baƙin Ɗanbatta za su kwana, kuma tun safe ba su sa komai a baki ba. Babban ɗan ya zo da 'yar dawa a ƙullin buhu, irin wadda 'yan dako ke sharowa a ƙasan rumfa, aka surfa aka niƙa. Amma itacen gidan duk ya tafi maƙabarta, da shi aka rufe kabari, har da turken akuya. Murhu babu ko tsinke.

Na ji babban yana ce wa ƙanensa, "Ɗauki igiya ka je fako ka kwaso karan nan."

Na tashi na tsaya a ƙofar da za a fita.

"Ajiye igiyar."

Babban ya ce, "Goggo, surukai ne fa. Za a ce an zo mutuwar Baba an kwana da yunwa."

"A ce."

"Wanda ya shimfiɗa shi ya tafi, Goggo. Wa zai shuka wurin?" Ba mugun ɗa ba ne, kunya yake taya ubansa ji. Ya ƙara da cewa, "Ke ce fa kika fi kowa faɗa a kan karan nan. A gabana aka yi."

"Ni ce. Da shi nake faɗan, lokacin yana da bakin ramawa. Yau ba shi da shi."

"To da me za a dafa?"

A ƙofar ɗakina akwai dangar kara da ta kare ni daga idon tsakar gida, a bayanta nake wanka nake alwala. Yaya ne ya kafa mini ita shekarar da na dawo, duk kaka yana toshe inda ta lalace. Na je na kama na jijjiga. Igiyar ramar da aka ɗaure ta da ita ta riga ta ruɓe, ba ta yi gardama ba. Uwar mijin 'yar ta miƙe tsaye.

"Haba Goggo, suturarki ce fa."

Na ce, "Wanda ya rufa mini asiri bayan Allah, ɗazu aka kai shi. Wannan kara ne kawai."

Babban ya tsaya yana kallona. Can ya karɓi igiyar daga hannun ƙanensa ya jefar, ya zo ya durƙusa yana karya mini karan a gwiwarsa.

Ni na tuƙa tuwon da kaina, na kaɗa miyar kuka, babu mai babu nama. Ina cikin tuƙi matar Yaya ta taso daga bakin ƙofa, karo na farko tun safe, ta zauna kusa da ni.

"Goggon yara, kuka kike?"

"Hayaƙi ne."

"Karan nan ya bushe. Ba ya hayaƙi."

Na ci gaba da tuƙi. Ta dafa bayana har tuwon ya nuna. Kowa ya sami loma, har Kawu, wanda ya ci yana faɗa.

Allah Ya yalwata masa inda yake kwance. Ƙasar da ya ƙare ƙarfinsa yana lallashi, Allah Ya sa ta yi masa laushi. Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya saka masa da abin da ni ban iya buɗe baki na gode masa a kai ba.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗauki tsintsiya. Kafin a fara shigowa gaisuwa na share tsakar gida: gutsattsarin danga, ƙaiƙayin dawa, kashin akuya, tsinkayen da suka zube daga tabarmin baƙi. Toka na ware ta daban na kai juji, don ya sha gaya mini ba sa son toka. Sauran na zuba a kwando na ɗora a kai. Babu wanda ya tambaye ni ina za ni. Ba a saba tambayata ba.

Na wuce gindin gawo, rassansa duk a sassare, na isa fako. Karan yana nan yadda ya bar shi, da hogensa da ƙayarsa. Daga tsaye kamar babu abin da ya taɓa shi. Na sauke kwando na durƙusa, sai na ga jar ƙasa ta bi kowane kara ta lulluɓe. Na ɗaga guda a hankali, ya karye a hannuna, cikinsa duk ƙasa. A ƙarƙashinsa ramuka ne birjik, ga su nan farare suna ta kai da kawo, ba su san an yi rasuwa ba. Na mayar da shi yadda yake. Na zazzage kwandon a inda iska ta yaye, na baza da hannu, na danne da hoge.

Na waiwaya, babu kowa a gonaki. Na ce musu sannu da aiki, a hankali, yadda liman ya ce a riƙa yi.

Sannan na dafa ƙasa na miƙe, na fuskanci wajen maƙabarta.

"Yaya, sun hau."